Kalmar “Anarchisme”: Ma'anarta, Tarihinta, da Matsalar Fassara ta da Hausa

1. Gabatarwa

Daga cikin kalmomin siyasa da mai fassara ke cin karo da su a littattafan tarihi da labaran duniya, akwai wasu uku ƴan ɗaki ɗaya a Faransanci, watau “anarchie” da “anarchisme” da “anarchiste”, Ingilishi kuma yana da takwarorinsu. Abin da aka saba yi, a rediyo ko a takarda, shi ne a tattara su duka uku a zuba cikin ƙwarya guda: a ce hargitsi, ko rashin doka da oda, ko zaman kara-zube, mutanen kuwa a kira su ƴan ta-da-zaune-tsaye. Wannan fassara tana da sauƙi, mai sauraro kuma ba ya tsayawa tambaya. Sai dai rabin ma'anar kawai ta ɗauko, ɗaya rabin kuwa ta binne shi.

Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa kalmar tana da tarihi biyu da suka yi fiye da ƙarni ɗaya da rabi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba: akwai tarihinta na zagi, akwai kuma tarihinta na sunan wata aƙida mai littattafai da ƙungiyoyi da mabiya. Ba aikin mai shirya ƙamus ba ne ya yabi aƙidar ko ya kushe ta. Aikinsa shi ne ya ba mai karatu kalmar da za ta bar shi ya gane abin da a ke magana a kai, sa'an nan ya yanke nasa hukunci. Fassarar da aka saba da ita kuwa ta riga shi yanke hukuncin.

2. Asalin kalmar

Tushen kalmar daga Girkanci ya ke. Ta ƙunshi ɗafa-goshi “an-”, mai kore abu, da saiwa “arkhe”, wadda ke nufin mafari, ke kuma nufin mulki ko riƙon sarauta. Wannan saiwa ita ce a cikin “monarchie”, mulkin mutum ɗaya, da “oligarchie”, mulkin ƴan tsiraru, da “hiérarchie”, jerin muƙamai daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka ma'anar farko ta “anarkhia” ita ce halin da babu mai riƙe da mulki. A tsofaffin rubuce-rubucen Girkawa a kan yi amfani da ita ga rundunar da ta rasa jagoranta a fagen fama.

Akwai wani misali daga birnin Atina da ya kamata a tsaya a kansa. A can, kowace shekara a kan naɗa manyan ma'aikata tara masu laƙabin “arkhon”, kuma da sunan ɗaya daga cikinsu a ke kiran shekarar. A shekara ta 404 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan Isparta ta ci Atina da yaƙi, wasu mutum talatin suka riƙe birnin da ƙarfin tsiya, suka kashe jama'a da yawa, suka ƙwace dukiyoyi. Da mulkinsu ya faɗi, mutanen Atina suka ƙi kiran shekarar da sunan arkhon ɗin da aka naɗa a zamaninsu, suka kira ta shekarar “anarkhia”. Abin lura a nan shi ne, shekarar da aka ba wannan suna shekara ce ta mulkin kama-karya, ƙarfi da takobi suna nan birjik. Abin da aka rasa shi ne halattaccen mai riƙon muƙami. Tun daga tushe ke nan, magana ce a kan kujerar mulki da wanda ke kanta. Batun hargitsi daga baya ya liƙe mata, domin masu rubutu sun ɗauka cewa duk inda kujerar ta zama wayam, to, yamutsi ne zai biyo baya.

3. Zamanin da kalmar ta ke zagi zalla

Ta hanyar Latinanci kalmar ta shiga harsunan Turai. A Ingilishi an ga “anarchy” a rubuce a 1539, “anarchism” kuma a 1642, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarkin Ingila da majalisa. A wancan lokaci babu wanda ke kiran kansa da wannan suna. Jifa ce da a ke yi wa abokin gaba. Haka abin ya kasance a juyin juya halin Faransa: a 1793 Brissot da ƴan ɓangarensa sun kira abokan hamayyarsu “anarchistes”, alhali waɗannan abokan hamayya gwamnati mai ƙarfi su ke nema, sun kuma kafa ta. Har William Godwin, Baturen Ingila wanda littafinsa a kan adalcin siyasa ya fito a 1793, wanda kuma a yau a ke lissafa shi cikin magabatan aƙidar saboda ya yi hasashen al'umma marar gwamnati, bai kira kansa da sunan ba, kuma da ma'anar hargitsi ya yi amfani da kalmar.

Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta, ita ce ma ta fi yawa a bakin mutane. Jaridun Faransanci na Yamai sukan yi magana a kan “constructions anarchiques”, ko “stationnement anarchique”, ko “occupation anarchique” na titunan kasuwa. A irin waɗannan wurare babu aƙida ko kaɗan, kuma Hausa tana da wadatar kalmomi: gine-gine barkatai, ajiye motoci sakaka, mamaye hanya ba bisa ƙa'ida ba. Idan maganar ta kai ga ƙasar da hukuma ta rushe a cikinta, akwai hargitsi, akwai yamutsi, akwai zaman ƴan marina kowa da inda ya sa gabansa, akwai zaman kashin dankali inda manya ke danne ƙanana. Da wannan ma'ana ce ɗan jaridar Amurka Robert Kaplan ya yi amfani da kalmar a wata maƙala da ya buga a 1994, inda ya kafa hujja da Afirka ta Yamma don hasashen rugujewar ƙasashe. Fassarar da aka saba da ita ba ta da laifi a duk waɗannan wurare. Laifinta yana farawa ne inda aka miƙa ta zuwa ga ma'ana ta biyu.

4. Daga zagi zuwa suna

A 1840 Pierre-Joseph Proudhon, mutumin Besançon wanda ya yi aikin ɗab'i kafin ya zama marubuci, ya buga littafinsa a kan mallakar dukiya. A cikinsa ne, karo na farko, wani ya ɗauki kalmar zagin ya laƙaba wa kansa da gangan, yana mai cewa shi masoyin tsari ne, kuma tsarin da ya ke nufi shi ne wanda mutane ke ƙullawa tsakaninsu ta yarjejeniya, ba tare da wani ubangida a kansu ba. Bayan shekara goma, a 1850, Anselme Bellegarrigue ya fitar da wata ƴar jarida a birnin Faris mai suna “L'Anarchie, journal de l'ordre”. Sunan kansa hujja ne: ya haɗa kalmar da “ordre”, watau tsari, abin da kowa ke ɗauka kishiyarta ne.

Sunan bai karɓu nan da nan ba. A cikin Ƙungiyar Ma'aikata ta Duniya da aka kafa a Landan a 1864, Mikhail Bakunin da magoya bayansa sun fi kiran kansu masu ra'ayin tarayya, ko masu ƙin danniyar shugabanni, ko masu neman mallakar haɗin gwiwa. Bayan taron birnin Heg na 1872, inda ɓangaren Karl Marx ya sa aka kori Bakunin, da taron da korarrun suka yi a Saint-Imier ta ƙasar Suwis a wannan shekara, sai abokan hamayya suka yawaita jifan su da kalmar, su kuma kafin ƙarshen shekarun 1870 suka rungume ta. Wasunsu sun riƙa rubuta ta da karan ɗori, “an-archie”, domin su tuna wa mai karatu asalin Girkancin.

Abin da aƙidar ta ƙunsa, a taƙaice, shi ne: cewa daula, da sojanta da kurkukunta da harajinta na tilas, ba dole ba ce ga zaman ɗan Adam, cuta ce ma, cewa al'umma za ta iya tafiyar da noma da sana'a da ilmi da tsaro ta hanyar ƙungiyoyin sa-kai masu ƙulla tarayya daga ƙasa zuwa sama, cewa wakili ɗan aike ne wanda a ke iya janyewa ko yaushe. Piyotr Kropotkin, masanin labarin ƙasa daga gidan sarautar Rasha, ya nemi kafa wa ra'ayin hujja daga ilmin halittu a littafinsa na 1902 a kan taimakon juna, kuma shi ne ya rubuta bayanin kalmar a bugu na 11 na kundin Britannica a 1910. Masu suka sun daɗe suna tambayar wa zai hana mai ƙarfi cin mai rauni idan babu alƙali da dogari, da yadda za a tafiyar da birni mai mutum miliyan ta hanyar taron unguwa. Tambayoyi ne masu nauyi. Amma ba za a iya yin su ba sai an fara sanin abin da a ke suka.

Errico Malatesta na Italiya, a ɗan littafinsa na 1891, ya kawo wata lura da ta shafi masana harshe kai tsaye. Ya nuna cewa a zamanin da mutane suka ɗauka ba a iya zama sai da sarki, kalmar “république” ma da ma'anar ruɗani a ke amfani da ita. A yau babu mai fassara “république” da hargitsi. Jamhuriya a ke cewa. Ma'anar da kalmar siyasa ke ɗauka a bakin jama'a takan bi abin da jama'ar suka saba gani ne.

5. Yadda bama-bamai suka ƙarfafa tsohuwar ma'ana

Ba za a ɗora wa abokan gaba kaɗai alhakin ruɗanin ba. Daga shekarun 1880 wasu mabiya aƙidar suka ɗauki ra'ayin cewa aiki ya fi magana wajen farkar da jama'a, aikin kuwa har da kisa. A watan Disamba na 1893 Auguste Vaillant ya jefa bam cikin majalisar wakilan Faransa. A 1894 aka kashe shugaban Faransa Sadi Carnot a Liyon; a 1897 firaministan Ispaniya Cánovas del Castillo; a 1898 sarauniya Elisabeth ta Ostiriya a Janeba; a 1900 sarki Umberto na Italiya; a 1901 shugaban Amurka McKinley. Cikin shekara bakwai, shugabanni biyar. Gwamnatoci suka mai da martani: Faransa ta kafa dokokin 1893 da 1894, ta ƙarshensu ta ambaci “anarchistes” da suna, ba a kuma soke ta ba sai a 1992, ƙasashen Turai suka yi taro a Rum a 1898 domin yaƙar su, Amurka ta kafa doka a 1903 mai hana duk wanda ya yarda da aƙidar shiga ƙasar. Daga nan kalmar ta zama ta kotu da ƴan sanda, tana iya kai mutum kurkuku ko ta sa a kore shi daga ƙasa, ko da bai taɓa riƙe makami ba.

Wannan matsi yana cikin abin da ya yaɗa wata kalmar, “libertaire”, wadda Joseph Déjacque ya ƙirƙira a 1857, wadda kuma Sébastien Faure da Louise Michel suka sa wa jaridarsu a 1895. Mai fassara ya yi hattara a nan ma: a Faransanci “libertaire” ƴar uwar “anarchiste” ce, galibi ta masu adawa da jari-hujja, amma a Amurka takwararta ta Ingilishi ta koma sunan masu kare kasuwa da mallakar dukiya, har suka kafa jam'iyya da sunan a 1971.

Masu bam ɗin kuwa ƴan tsiraru ne a cikin tafiyar. Mafi yawan mabiyan a ƙungiyoyin ƙwadago su ke. Mutum huɗu da aka rataye a Shikago a 1887, bayan tashin bam na dandalin Haymarket a lokacin fafitikar neman aikin awa takwas a 1886, ƴan wannan aƙida ne. A 1893 gwamnan jihar ya yi wa sauran ukun da ke kurkuku afuwa, yana mai cewa shari'ar ba ta yi adalci ba. Ranar 1 ga watan Mayu da ma'aikatan Nijar ke biki kowace shekara tana da alaƙa da wannan fafitika. A Ispaniya ƙungiyar ƙwadago ta CNT, wadda aka kafa a Barsalona a 1910, ta tara mambobi fiye da miliyan ɗaya a 1936, ta kuma tafiyar da masana'antu da gonaki na haɗin gwiwa a Kataloniya da Aragon lokacin yaƙin basasa. A gefe guda kuma akwai Leo Tolstoy, wanda ya ƙi daula saboda ya ƙi kowane irin amfani da ƙarfi, wanda kuma a ke lissafa shi cikin tafiyar ko da ya ke shi bai ɗauki sunan ba.

6. Gwajin fassarar da aka saba da ita

Hanya mafi sauƙi ta auna fassara ita ce a saka ta cikin jimlolin gaskiya a ga ko za ta tsaya. Ga uku, an fassara su bisa al'adar da a ke bi:

(1) A 1850 an buga wata jarida a Faris mai suna “Hargitsi, jaridar tsari”.

(2) A watan Nuwamba na 1936 ƴan hargitsi huɗu suka shiga gwamnatin Ispaniya, aka ba ɗayansu ma'aikatar shari'a.

(3) A kan lissafa Tolstoy, wanda ya haramta wa kansa kowane irin tashin hankali, cikin ƴan ta-da-zaune-tsaye.

Abubuwan da jimlolin ke ba da labari duk sun faru. A (2), Juan García Oliver ne ya zama ministan shari'a, Federica Montseny kuma ta riƙe ma'aikatar lafiya, ita ce mace ta farko da ta zama minista a Ispaniya. Amma a Hausa jimla ta (1) ta zama shirme, ta (3) ta ƙaryata kanta, ta (2) kuwa ta ɓatar da abin da ya sa labarin ya zama abin mamaki. Abin mamakin shi ne mutanen da aƙidarsu ta haramta gwamnati sun karɓi kujerun gwamnati saboda larurar yaƙi, abin da ya jawo gardama mai zafi tsakanin mabiyan. Ɗalibin da aka ba shi “ƴan hargitsi” zai ɗauka an naɗa ƴan daba ne ministoci.

Larabci ya faɗa wannan rami kafin Hausa. An gina “faudawiyya” daga “fauda”, watau ruɗani, sai sunan aƙidar ya zama aƙidar ruɗani. Daga baya wasu marubuta suka koma ga “la-sulɗawiyya”, mai kore mulki, ko suka ari kalmar suka ce “anarkiyya”. Japananci da Sinanci kuwa sun gina kalmar da ke nufin aƙidar babu gwamnati, wadda ta fi kusa da asali. Tun da masu karatun Hausa da yawa ta Larabci su ke shigowa, akwai haɗarin a ɗauko “fauda” a ƙara wa kuskuren ƙarfi.

7. Aibin “rashi” da zaɓen saiwa

Wasu masu fassara da suka lura da matsalar sukan koma ga asalin Girkanci su ce “rashin gwamnati” ko “rashin shugaba”. Wannan ya fi na farko, amma yana da aibi biyu.

Na farko yana cikin kalmar “rashi”. Ɗafa-goshin “an-” kore abu kawai ya ke yi, bai ce abin mai kyau ne ko marar kyau ba. “Rashi” kuwa a Hausa galibi yana nuna an rasa abin da a ke bukata: rashin lafiya, rashin kunya, rashin hankali, rashin ruwa, in an ce an yi rashi, mutuwa a ke nufi. Akwai ƴan wuraren da ba haka ba ne, kamar rashin tsoro ko rashin son kai, amma nauyin kalmar ga hasara ya karkata. Wanda ya ji “aƙidar rashin gwamnati” zai ji kamar an ce aƙidar neman hasara. Wannan nauyi yana ƙaruwa saboda yadda zaman Hausawa ya ginu a kan sarauta: mahauta na da sarkin fawa, maƙera na da sarkin maƙera, akwai sarkin kasuwa da sarkin noma da sarkin ruwa, har makafi na da sarkinsu. Ga kuma koyarwar malaman fiƙihu da yawa cewa haƙuri da azzalumin shugaba ya fi faɗawa cikin fitina. A irin wannan kunne, wurin da babu shugaba wuri ne da aka yi rashi.

Aibi na biyu yana cikin zaɓen abin da a ke korewa. “Gwamnati” a bakin jama'a ta fi nufin mutanen da ke kan kujera a yau, saboda haka “masu ƙin gwamnati” zai zama ƴan adawa, alhali ɗan adawa kujerar ya ke nema, mai wannan aƙida kuwa so ya ke a ɗauke kujerar. “Shugaba” ya yi faɗi da yawa: CNT tana da sakatarori da wakilai, Nestor Makhno ya jagoranci runduna a Yukren daga 1918 zuwa 1921, Bakunin kansa ya bayyana cewa a kan sha'anin takalmi yana bin maganar baduku, abin da ya ƙi shi ne a tilasta masa. “Doka” ma ba ta dace ba, domin ƙungiyoyinsu suna da ƙa'idoji rubutattu. “Daula” tana kusa, sai dai ta fi tuna wa mai karatu daulolin tarihi irin su Borno da Sakkwato. Kalmar da ta fi dacewa da “arkhe” ita ce “mulki”, domin ita ce ke ɗauke da ikon wani a kan wani ko da bai so ba, ita ce kuma ke cikin mulkin mallaka da mulkin soja da mulkin farar hula.

8. Kuskure na biyu: ganin aƙidar a ko'ina

Akwai wani kuskuren da ke zuwa daga ɗaya ɓangaren. Masana halayyar al'umma sun ari kalmar domin bayyana jama'ar da ba su da sarki. Evans-Pritchard, a littafinsa na 1940 a kan kabilar Nuwer ta kudancin Sudan, ya kira zamansu “anarchy” mai tsari: babu mai ikon tilastawa, amma akwai dangi, akwai diyyar shanu, akwai mai shiga tsakani. An yi irin wannan bayani a kan Tibi da yawancin ƙasar Ibo. Sanin wannan ma'ana yana da amfani, domin jahiltarta ta taɓa jawo ɓarna: Turawan Ingila sun ɗauki rashin sarki a ƙasar Ibo a matsayin giɓi, suka naɗa hakimai na takarda, abin da ke cikin musabbabin boren matan Aba na 1929.

Amma daga nan wasu sukan tsallaka su ce gayya da adashi da taron dattawa su ne “anarchisme” na Afirka. Sam Mbah da I. E. Igariwey, a littafinsu na 1997, sun nuna kamannin da ke tsakanin zaman ƙauyukan Afirka na da da abin da aƙidar ke nema. Kama dai ba ta zama asali. Manomin da ya je gayya yana biyan haraji, yana gaida mai gari, bai kuma ce a rushe sarauta ba. “Anarchisme” ra'ayi ne da aka tsara a Turai a ƙarni na 19, a gaban daula ta zamani da masana'antu, da nufin kawar da su ko sauya su. Al'ummar da ba ta taɓa yin sarki ba, da mutumin da ya ga sarki ya ce a kawar da sarauta, ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙamus ya kamata ya raba su. Haka nan masana dangantakar ƙasashe, irin su Hedley Bull a 1977, suna amfani da kalmar don nuna cewa babu gwamnati guda a kan ƙasashen duniya. Wannan bayanin hali ne, ba kira ba ne.

9. Shawara

Hausa ta riga ta nuna gwanintarta wajen raɗa wa ra'ayoyin siyasa suna: jari-hujja, gurguzu, ƴan mazan jiya, ƴan a-ware, ƴan ba-ruwanmu. Kowanne yana faɗin abin da ra'ayin ya ƙunsa cikin kalma biyu ko uku. Bisa wannan tafarki a ke ba da shawarar a raba shigarwar ƙamus kamar haka.

“Anarchie”, ma'ana ta farko, ta yau da kullum: hargitsi, yamutsi, zaman kara-zube, sifarta kuma barkatai, sakaka, ba bisa ƙa'ida ba. Ma'ana ta biyu, ta masana: zama babu mulki, watau halin al'umma ko na ƙasashe da babu mai ikon tilastawa a kansu. “Anarchisme”: aƙidar babu-mulki. “Anarchiste”: ɗan babu-mulki, jam'i ƴan babu-mulki, in kuwa an yi amfani da ita a matsayin zagi, sai a fassara zagin, a kuma nuna bakin wanda ya fito.

An zaɓi “babu” a kan gajeren “ba” saboda dalilin rubutu. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, don haka “ba mulki” a takarda yana iya rikicewa da aikatau “ba” na bayarwa, sabon mai karatu kuwa shi ne zai fi tuntuɓe. “Babu” ba ta da wannan shubuha, ba ta kuma ɗauke da nauyin hasara irin na “rashi”.

A rubutun bincike, inda a ke bukatar kalma guda, aro ba laifi ba ne, amma akwai abin dubawa. Nijar daga Faransanci ta ke aro, Nijeriya daga Ingilishi, shi ya sa a ke da lakkol da mushe da kaye a wannan gefe, ba a san su a wancan ba. In aka bar abin ga kunne, za a sami “anarshi” a Maraɗi, “anaki” a Katsina. Komawa ga “k” na Girkanci, wanda Faransanci kansa ya riƙe a lafazin “archonte”, zai ba da “anarkisanci” da “ɗan anarkis”, a kan awon kwaminisanci da ɗan kwaminis, kuma ɓangarorin biyu za su iya karanta shi.

“Ƴan babu-mulki” ma tana da nata rauni: mai sauraro yana iya ɗauka waɗanda mulki ya kuɓuce musu a ke nufi. Saboda haka a littattafan yaƙi da jahilci da na makaranta, farkon zuwan kalmar ya kasance tare da jimla guda ta bayani, cewa mutane ne masu ganin al'umma za ta iya tsara kanta ba tare da daula ba. Kafin a tabbatar da ita a jerin kalmomin hukuma kuma, ya kamata a gwada ta a azuzuwan manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a karanta wa ɗalibai jimloli uku na sashe na 6 da sabuwar fassarar, a tambaye su abin da suka fahimta, a rubuta amsoshinsu yadda suka faɗe su.